Hular Fatar Zomo

Yayana Nicanor karnukan tsere yake kiwo, gadon babanmu ne. Tun suna 'yan kwikwiyo yake ɗaura fatar zomo a doguwar igiya, yana naɗe ta da ƙafar keke, fatar na gudu suna bin ta. Wanda ya tsaya shinshine-shinshine a kyautar da shi. Wanda ya cafke ya girgiza, shi ake ajiyewa don iri.

Wata karya, Ceniza, ta fi su duka. Da ta fara ɗingishi sai ya kawo min ita gida, wai ta huta.

Na ce, "Yaya, 'yar shekara biyu fa nake da ita a gidan nan."

"Haba Eulogia, tsoronki ya yi yawa! Wannan ko ƙuda ba ta kora. Ta fi mijinki haƙuri."

Haka ne kuwa. 'Yata Delfina ta ja kunnenta, ta hau bayanta, ko gurnani ba ta taɓa yi ba. Haushi ma ba ta yi, kuma shirun nan ne bai kwanta min ba. Amma yau da gobe, har na saki jiki.

Ranar Lahadi muka taru gashin nama a tsakar gida. Mama ta zo da tsaraba, hular sanyi da ta ɗinka wa jikarta da wata fata da ta tsinta a rumfar Nicanor, har da kunnuwa biyu a tsaye. Ina ɗakin girki aka sa mata. Na fito da ruwan zafin shayinmu na ganyen mate, sai na hango Delfina can bakin shinge, kunnuwan zomo na rawa a kanta.

Ceniza ta riga ta miƙe. Kanta a sunkuye, jikinta na ɓari, ƙafar ɗingishin ma ta kafe ta a ƙasa. Irin tsayuwar da take yi a bakin layin tsere ce.

Nicanor ya ajiye wuƙarsa, ya fara sanɗa zuwa wuyan karyar. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar.

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Kada ki kira Delfina. Muddin yarinyar ba ta ruga ba, wannan ba za ta motsa ba."

Saura taku kaɗan ya kama ta. Mama tana can gefe tana yanka burodi, ba ta san abin da ake ciki ba. Ta ɗaga murya da murna: "'Yar zomona! Yi maza ki nuna wa mamanki hularki!"

Delfina ta ƙyalƙyale da dariya, ta sheƙo da gudu.