Tantin Mujitaba

Tun daga Bebeji muka fara musu, ni da Mujitaba, kowa a kan mashin ɗinsa, duk inda muka tsaya shan ruwa sai mu ɗora. Abokina ne tun firamare, kuma in ya kafe a kan abu, gara ka yi magana da bango. Tafiyar kwana tara muka shirya zuwa Mambila, shi kuma ya sayo wani tanti ruwan ganye, ya rantse ba zai kwana a ɗaki ba.

"Badamasi, wanda ya kwana a masauki ai bai bar gida ba," in ji shi. "Katifar da mutum dubu suka jiƙa da gumi!"

"Gara min guminsu da saran maciji."

Muna isa Tudun Wada bayan la'asar, bayana ya riga ya ƙage. Na hango wani ɗan masauki, na ce nan zan sauka. Ya ce shi sai ya ga fitowar rana a duwatsun Riruwai. Raina ya ɓaci, na ce ya yi gaba, ai ba goya shi na yi ba. Ya tayar da mashin ya tafi, ko waiwaye.

Da safe na kira wayarsa, a kashe. Na ratsa dajin Falgore, ina tambayar duk wanda na gani. Sai da hantsi na same shi a wani ƙauye kafin Riruwai, a ƙofar gidan mai unguwa, jama'a sun kewaye shi. Yana zaune a ƙasa ba takalmi, an ɗaure masa hannu. A kan tabarma an baje tantin da kyamararsa da taswira.

Ashe a makon da ya wuce aka kore shanun wani Bafulatani mai suna Dikko, sai ga mata masu zuwa itace sun tarar da baƙo ya kafa tanti yana ɗaukar hoton rugar Dikko.

Na cire takalmi na durƙusa. "Ranka ya daɗe, abokina ne. Malamin makaranta ne a Kano. Yawon buɗe ido kawai muke."

Mai unguwa dattijo ne, bai ɗaga murya ba. "Yaro, a nan baƙo yakan yi sallama, mu ba shi zaure da tuwo, mu san da shi. Wannan baƙon wa ne? Wa zai tsaya masa?"

"Ni zan tsaya masa."

"Kai kuma wa ya san ka?"

Na nuna katin shaida, na nuna hotunanmu a waya. Sale, shugaban 'yan sa-kai, ko duba su bai yi ba. Ya ce an riga an kira motar hukuma daga Doguwa, can za a yi bayani. Na roƙa har muryata ta dushe. Ban taɓa jin ba ni da wani amfani ba kamar ranar.

Da motar ta zo, Mujitaba bai kalle ni ba. Sale ne ya juyo.

"Malam, in da gaske abokinka ne, me ya hana ka kwana tare da shi?"

Na buɗe baki. Gaskiyar amsar ita ce fankar masauki da bokitin ruwan wanka, kuma ban iya faɗa ba. Suka saka Mujitaba a ciki, suka rufe ƙofar motar.