Layin Farar Toka

"Wannan abin ne zai hana Huda wanke mini tukwane ran Asabar?" in ji Hajiya Hajaratu, tana nuna shi da ludayi.

"Kaka, bari ki ga tafiyarsa tukuna," in ji Fa'iza, tana durƙushe a tsakar gidan.

Fa'iza ce shugabar ƙungiyar ɗaliban sakandare masu haɗa robot, waɗanda ke zuwa unguwar Zango duk Asabar suna koyar da yara. Cikin yaran babu wadda ta shiga ranta kamar Huda, 'yar shekara goma sha ɗaya, wadda tambayarta ba ta ƙarewa. Sati uku ke nan Huda ba ta zo ba. Kakarta Hajiya Hajaratu, mai sayar da shinkafa da wake a ƙofar gida, ta ce wasan yara ne, kuma Asabar ce ranar da aiki ya fi yi mata yawa. Shi ya sa Fa'iza ta hawo trotro, motar haya, daga unguwar Tafo, rungume da robot ɗin a kwali kamar jariri.

Ta manna baƙin salatif a ƙasa, dogon layi mai lanƙwasa. Aikin robot ɗin ke nan, ya bi baƙin layi. Matan gidan suka taru, har da masu tsifa rabin kai.

Ya tafi taku biyu lafiya lau, sai ya kauce. Ya bi sawun gawayi inda aka ja kurfoti, murhun ƙarfen da ake girki a kai, ya yi ta zagaye kamar wanda ya sha hajijiya, ya je ya buga kansa da turmi.

Gidan ya ɗauki dariya. "Yunwa yake ji, ku ba shi fufu!" wata ta ce. Fa'iza ta ji idonta ya cika. A farin daɓen ajinsu kaɗai suka taɓa gwada shi. Ko sau ɗaya ba ta tuna cewa simintin gidan da ake girki ya sha hayaƙin shekaru ba.

"Anti Fa'iza, ba laifinsa ba ne."

Huda ce, ta taso daga wurin wanke-wanke, kumfa har gwiwar hannu. "Idonsa ya saba da farin wuri. Nan ko'ina baƙi ne, wanne zai bi?"

Ta goge hannu da zanenta, ta ɗebo farar toka daga kurfotin da ya huce, ta zuba siririn layi a ƙasa. Ta karɓi kwamfutar Fa'iza, tana cizon leɓe, ta juya umarnin: ya bar baƙi, ya bi fari.

Robot ɗin ya hau tokar a hankali, ya kewaye turmi, ya wuce bokitai, ya tsaya cak a gaban ƙafar Hajiya.

Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kalli jikarta, da tokar da ta ɓata mata goshi.

"Ke kika gaya masa ya zo wurina?"

"E, Kaka. Gaishe ki ya zo yi."

Hajiya ta sa bakin mayafinta ta share goshin yarinyar, ta daɗe tana sharewa, alhali tokar ta riga ta fita.

"To, ku ji da kyau," in ji Hajiya da ƙarfi, yadda duk gidan zai ji. "Daga yau tukwanen Asabar nawa ne. Huda, ki wanke hannu ki bi antinki."