Guntayen Wayar da Kawu Ya Adana

A tashar lantarki ta nukiliya akwai wata dabara. Ana rataye guntayen wayar lantarki kusa da bututan zafi, su sha zafi da tururin nukiliya daidai da wayoyin da ke aiki. Lokaci-lokaci a ɗauko guntu ɗaya a lanƙwasa. In robarsa ta tsage, an san ta ainihin wayar ma ta kusa mutuwa.

Wannan shi ne aikin wata injiniya a tashar. Shekara da shekaru mai kula da kaya na kawo mata guntaye ɗakin gwaji, robarsu laushi kamar jiya aka saye su, ita kuwa tana sa hannu cewa lafiya lau. Da aka kashe tashar don gyara, ta shiga ɗakin famfunan sanyaya da kanta. Maratayar guntayen wayam! Ta taɓa wayar famfo ta gaske, robar ta ruguje a safar hannunta kamar busasshen burodi.

Ranta ya ɓaci. Ta nufi sito kai tsaye, wurin mai kula da kaya, wanda kuma ƙanen mahaifiyarta ne. Mutum ne mai tsafta har ta yi masa yawa, irin wanda ke goge tsintsiya bayan shara.

"Kawu, ina guntayen wayata?"

Ya buɗe kabad yana murmushi. Ga su nan jere cikin leda, sanyin na'ura na kaɗa su.

"Na ga zafi zai lalata miki su, 'yar nan, shi ne na kwaso tun tuni."

"Lalacewar ai ita ce aikinsu, Kawu! Don su lalace aka rataye su! Wa ka tambaya? Wa ya sa ka?"

"Ni kike ɗaga wa murya?"

"Wallahi kai! Famfon nan ne ke hana tukunyar nukiliya narkewa. Da ya tsaya, da ni da kai da garin nan duk mun shiga uku."

Ya shiga shafa ledar. Takaici ya cika ta, ga kuma tausayi, don ta san ba za a kunna tashar ba sai ta faɗi dalili, kuma dalilin zai ci aikinsa.

"Sai kin ambaci sunana?" ya tambaya a hankali.

"Sai na ambata."

Ta kwashi guntayen ta fita, tana tunanin da wane baki za ta gaya wa mahaifiyarta.