Inda Baba Ya Tsaya

Mijinta mai zanen gine-gine ne. Tsohuwar manhajarsa ba ta aiki sai a wata ƙaramar kwamfuta ta manhaja, ba ta ƙarfe ba, da ya girka a cikin babbar kwamfutarsa. Ba ya kashe ƙaramar, dakatar da ita yake yi kamar mai kife littafi. Haka ya bar ta ranar da aka kai shi asibiti, da zanen ɗakin da ya yi mata alkawari, bai adana ba. Tun rasuwarsa takan buɗe ta kalla.

Autanta ya zo hutu, ya ce, "Mama, kwamfutar da ba a sabunta ba ai gida ne babu ƙyaure."

"Wa ya taɓa shigo mana?" in ji ta. Amma ya riga ya danna maɓallin sabunta babbar.

Ƙaramar ta ƙi tashi. Ya yini yana mayar da tsofaffin manhajoji, kowacce tana neman wata da sabuntawar ta cire.

"Za ta tashi," ya ce a hankali, "amma sai an zubar da inda Baba ya tsaya, har da zanen."

Ta janye hannunsa daga kwamfutar.

"Bar ta a kwance. Je ka ci abinci."