Farin Layi a Taswirar Yaya

Yaya ta dawo daga teku bayan wata biyu, ta yi baƙi ta rame. Aikinta zana taswirar ƙasan teku. Jirginsu yakan yi ta kai da komo kamar mai huɗa a gona, wata na'ura tana aika ƙara ƙasa, ƙarar ta dawo ta faɗa musu zurfin wurin.

A wannan tafiyar sun auna wajen da kwale-kwalen Dogo ya nutse shekara uku da suka wuce. Dogo wanmu ne, masunci. Ko filafilinsa ba a tsinta ba.

Inna ba ta bari ta huta ba. Ni na share tabarma, Yaya ta shimfiɗa takardar taswirar, muka danne gefunan da kofuna.

"Shuɗi mai duhu zurfi ne," in ji Yaya. "Ja kuma tudu."

Inna ta ce, "Ba karatu na zo ba, sarkin bayani. Kin gan shi?"

"Inna, na bi layi-layi da idona. Yashi ne da duwatsu."

Inna ta daɗe tana bin takardar da yatsa, har ta tsaya kan wani siririn layi fari.

"Nan fa? Fenti ya ƙare muku?"

"Igiyar ruwa ta ture mu, na'urar ba ta ji wurin ba. Abin da ba mu auna ba, ba ma shafa masa launi."

"To, nan yake."

Ni dai na sunkuyar da kai. Yaya ta ce a hankali, "Wata mai zuwa za mu koma mu cike shi."

"Ki bar mini shi haka, 'yar nan. In kun duba babu, ina zan sa shi?"

Na zaci Yaya za ta ce to, don ba ta taɓa musu da Inna ba. Sai ta ce, "Jirage za su bi ta nan da wannan takarda. In dutse ne a wurin, ɗan wata zai hau."

Inna ta sake duban farin layin. Sannan ta ɗage yatsanta.

"Ku auna," ta ce. "Amma ke za ki zauna gaban na'urar, ba wani ba. Kome kika gani ki faɗa mini, ko da yashi ne."

Yaya ta ce, "To, Inna."