Ɗaurin Adawiyya

Su biyu suka fara abin a Buji, yanzu saura Inna Mu'minatu. Ita ɗin ma ɗanta ya ɗauko ta ya ajiye a gidansa na Takur, ɗaki mai fanka da katifa mai laushi, amma babu mai leƙowa sai in an kawo abinci.

Abin ya faro ne daga Kamilu, ɗan aminiyarta Adawiyya. Yana ɗan shekara huɗu aka zaunar da shi a bayan uwarsa a kan babur, za su gidan suna. Barci ya kwashe shi ya sulale, kafin a ja birki rai ya yi halinsa. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare. Adawiyya ta ce ta yarda, amma a nuna mata inda aka hana ɗaure yaro. Sai ta ɗauki majanyi ta fito da ɗaurinta: a sa yaro a gaban uwa, a zagayo ta ƙarƙashin hammatarsa, a ƙulle a ƙugunta. Ita da Mu'minatu suka dinga bin gidajen biki da makarantun Islamiyya suna koya wa mata, suna tare 'yan acaɓa sai sun sauke yara daga kan tanki. Zagi kuwa sun sha shi, har mahaukata an kira su.

Adawiyya ta rasu ba ta bar ɗa ko jika ba. Abin da ke hana Inna sukuni ke nan: ranar da aka rufe ta ita ma, shi ke nan, kamar ba a taɓa yin wata Adawiyya ba. Ta gwada ba matar ɗanta labarin, baiwar Allah tana latsa waya tana ta "Allah sarki". Ɗan kuma ya ce zai turo ɗaliban jami'a daga Kafin Hausa su ɗauki muryarta. Har yau suna hanya.

Wata safiya kaɗaici ya ishe ta, ta ɗauko tsohon majanyin da suke koya wa mata da shi, duk ya koɗe, ta dogara sanda zuwa bakin titi. Tana tsaye wata ƙaramar mace ta tsayar da acaɓa, ta ɗora ɗanta a gabanta, ta zaro majanyi. Inna ta ƙura mata ido. Ɗaurin ne sak, har da cusa bakin majanyin ciki don kada ya shiga taya.

"'Yar nan, wa ya koya miki wannan ɗaurin?"

"Wallahi Inna, haka na taso na ga ana yi. Ai kowa ma haka yake yi a garinmu."

Daɗi da baƙin ciki suka cika ta lokaci guda. Ta matso, ta ce akwai wata mata da ta fara shi, ta rasu yanzu, kuma ɗanta ne ya faɗo. Ɗan acaɓa mara haƙuri ya murɗa totur, wai rana na yi.

"Ayya, Allah ya jiƙanta, Inna," in ji matar.

Babur ya tafi. Inna ta bi su da kallo. Tun ba su kai kwana ba barci ya fara fizgar yaron, kansa ya langaɓe gefe, majanyi ya riƙe shi gam.

"Adawiyya sunanta," in ji Inna da ƙarfi. "Yaron kuma Kamilu."

Babu wanda ya waiwayo. Ta naɗe majanyin ta sa a hammata, ta juya gida.