Ajin Mutum Ɗaya

Shekara tara Malama ta yi tana koyar da zane da aikin hannu a wata firamare, kafin 'yarta ta faɗo daga kan katanga ta karye a cinya. Yarinyar tana da shekara bakwai a lokacin, 'yar mitsitsiya ce ga tsalle-tsalle, shi ya sa ubanta ya laƙaba mata Tsigi, sunan kuwa ya bi ta. Likita ya ce sai ta yi wata huɗu ba ta taka ƙafar ba. Uban direban babbar mota ne, in ya ɗauki hanya yakan yi sati uku bai ga gida ba. Da aka rasa mai zama da yarinya, sai Malama ta ajiye aiki, ta ce na ɗan lokaci ne.

Suna zaune ne a saman wani dogon bene na haya, ciki da falo da 'yar baranda. Barandar nan ita ta zama aji. Kullum da safe Malama takan sauka ta tsinto ganyaye da duwatsu da gashin tsuntsu, ta zube a kan tabarma. Tsigi ta ware su kashi-kashi, ta zana, ta rubuta sunan kowanne a ƙasa. Da ƙwayar wake ta koyi tarawa da rabawa. Sun shuka masara a gwangwanin madara, kowace safiya su auna tsawonta da rula. Lokacin karatu Tsigi takan ce mata Malama, in an tashi ta koma Mama, wani lokaci ta haɗa su ta ce Malama-Mama, su yi ta dariya.

Da aka cire ɗaurin ƙafar, likita ya ce a riƙa tattaki kullum. A bayan gidan akwai wani fili da ba a gina ba, yana da bishiyoyin gwaiba da wani ɗan rafi mai laka a bakinsa. Sai aji ya koma can. Daga rafin suke ɗebo yumɓu, su kwaɓa, su gina kofi da tsuntsu da jirgin ruwa. Sun koyi matse kala daga fure da ɓawon albasa. Ƙafa ta warke sarai, sai ɗan ɗingishi da ba kowa ke lura da shi ba. Amma an riga an yi nisa a zangon karatu, sai Malama ta ce a bari sai na gaba. Na gaba ya zo, ta ce ai suna tsakiyar koyon rayuwar kwaɗi. Sabo turken wawa, ba ta ankara ba shekara biyu ta wuce.

Uban bai ga abin damuwa ba. In ya dawo, Tsigi ta karanta masa jarida ba gargada, ta kuma gaya masa abin da ya sa ganye ke juyawa wajen rana. Sai ya riƙe baki ya ce, "Maman Tsigi, wannan ai ta fi ni ilimi. Ni dai taya da birki na sani." Yayar Malama ce kaɗai ke mita a waya.

"Ke da 'yarki kun zama kamar cokali da kwano. Yaushe rabon da yarinyar nan ta yi faɗa da sa'arta?"

"Haba Yaya, faɗa abin nema ne?"

"A wajen yaro, abinci ne."

Malama takan yi dariya ta kawo wani zancen. Abin da ba ta faɗa wa Yaya ba shi ne, abokan aikinta na dā sun daina kira tun tuni. Mutanen gidan kuma da sassafe suke watsewa, manya wurin aiki, yara makaranta. Da rana ba a jin komai sai ƙarar keken wata mai ɗinki a ƙasa. Akwai ranakun da in ta zauna ta tuna, ba ta yi magana da wani babba ba sai mai shago, shi ma "ba ni sabulu" ne da "ga canjinki."

Wata ranar Laraba ta fita sayen gam, ta bar Tsigi tana rubutu. Da ta dawo, tun daga matakala ta ji murya a ɗaki, ta ɗauka baƙuwa aka yi. Ta leƙa ta gefen labule. Tsigi ce zaune a ƙasa, ta jawo wani kwalin takalmi daga ƙarƙashin gado, ta jera 'yan mutum-mutumin yumɓu a layi uku. Sun kai goma sha biyar, kowanne da jakarsa a baya. Tana riƙe da fensir tana kiran suna.

"Mai-kunne?" Sai ta ƙanƙantar da murya ta amsa, "Na'am, Malama."

"Sarkin Surutu?" Ta amsa. "Kumatu? Kumatu, kin sake makara, me ya tsare ki?"

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ta ce an fita hutu. Ta ɗauki wata 'yar ƙarama mai ƙafa ɗaya gajeriya, ta kai ta kusa da Kumatu, ta ce a hankali, "Zan iya shiga wasanku?"

Malama ta saki labulen. Dama ta daɗe tana mamakin yadda yumɓu ke saurin ƙarewa. Ta koma matakala a kan yatsun ƙafa, ta zauna kamar minti goma, sannan ta taso tana buga takalmi don a ji zuwanta. Ta tarar da ɗaki tsaf, Tsigi na kan rubutu.

A ranta ta yanke shawara. In yara Tsigi ke so, za ta kawo mata yara har gida. Ta samu babban kwali ta rubuta cewa kowace Asabar da ƙarfe goma akwai koyon zane da ginin yumɓu da sanin tsirrai a filin baya, kyauta, iyaye su zo da 'ya'yansu. Tsigi ta manna busassun ganyaye a gefe-gefe. Suka liƙa a jikin shago, Malama kuma ta bi ƙofa-ƙofa ta faɗa da baki. Kowa ya ce madalla, Allah ya kai mu.

Ranar Asabar suka shimfiɗa tabarma biyu a ƙarƙashin gwaiba, suka dunƙula yumɓu goma sha biyu, suka lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Tsigi ta sa rigarta mai kyau, duk da uwar ta ce za ta ɓaci. Goma ta yi, goma da rabi ta yi, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Can sai ga wata mata da ɗanta a hannu, wanda ko tafiya bai iya ba. Ta ɗauka gidan raino aka buɗe, tana so ta ajiye shi ta je kasuwa. Da aka yi mata bayani, ta ce to, ta juya. Bayanta wani magidanci ya zo da 'yan mata biyu sa'o'in Tsigi. Idon Tsigi ya yi haske, ta miƙe har tana tuntuɓe.

"Malama, a nan ana shirya yara don jarrabawa?" in ji shi.

"A'a, Yallaɓai. Zane ne da yumɓu, su san itatuwa da tsuntsaye."

Ya dubi tabarma, ya dubi tsumman. "To ai wasan ƙasa sun iya shi tun a gida. Allah ya taimaka." Ya ja 'ya'yansa. Ƙaramar tana ta waiwaye har suka sha kwana.

Suka zauna har rana ta take, yumɓun ya fara tsagewa. Suna naɗe tabarma Tsigi ta ce, "Mama, kar ki damu. Ni ai ina zuwa kullum."

Maganar nan ta fi komai yi wa Malama ciwo. Ta zauna a kan naɗaɗɗiyar tabarmar, ta jawo yarinyar gabanta.

"Tsigi, gaya mini gaskiya. Kina so ki koma makaranta?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana tona ƙasa da babban yatsa. Sannan ta ce, "In na tafi, ke wa zai zauna da ke?"

Malama ta dube ta. Duk shekara biyun nan ta ɗauka ita ke zaman jinyar yarinya. Ta yi ta maza ta ce, "Ji 'yar nema. Ni jaririya ce? Ina da aiki kamar ya kashe ni, ke ce ma kike hana ni yi."

Da yamma ta kira uban ta gaya masa. Yana gefen hanya, ana jin wucewar motoci. Ya ce duk yadda ta gani daidai ne, sannan ya tambaya, "Ke fa, lafiya dai ko?" Ta ce lafiya lau.

Sati biyu bayan nan suka je wata makaranta da ke bayan kasuwa. Shugabar ta ba Tsigi littafi ta karanta, ta ba ta lissafi ta yi. Sannan ta tambaye ta ko ta san sunan bishiyar da ke tsakar makarantar. Tsigi ta faɗi sunan, ta ƙara da cewa tururuwa sun fara cin ta daga gindi, gara a duba. Shugabar ta cire tabarau ta dube ta, ta ce ta fara ranar Litinin.

Ana jibi za ta fara, suka yi fitarsu ta ƙarshe zuwa fili. A nan Tsigi ta gano sheƙar kurciya a wani reshe mai ƙasa-ƙasa, da ƙwai biyu a ciki. Ta sa uwar ta yi alkawarin za ta riƙa duba mata.

Ranar Litinin Malama ta raka ta har bakin ƙofar makarantar. Kayan makarantar sun yi mata yawa, jakar ta kusa rinjayar ta. Ta shige cikin yara, ta waiwayo sau ɗaya ta ɗaga hannu. Malama ta koma gida ta share ɗaki, ta wanke kwanuka, ta goge baranda, ta duba agogo ta ga ko tara ba ta yi ba. Ta zauna, ta tashi, ta sake zama. A ƙasa keken ɗinki na ta ƙara.

A rana ta huɗu ƙwan ya ƙyanƙyashe. Malama ta ɗaga ƙafa ta leƙa, ta ga 'yan kurciya biyu tsirara suna motsi. Ta juya da sauri ta ce, "Tsigi, zo ki..." Ba kowa a bayanta sai ciyawa.

Ta riƙe labarin har ƙarfe biyu. Tsigi ta shigo da gudu, gwiwarta a kurje, bakinta bai tsaya ba. Wadda suke zama benci ɗaya ta ba ta rabin magogin goge fensir. Wani yaro ya ce mata gurguwa, ta ce masa mai kan kabewa, an sa su duka biyu sun durƙusa. Tana faɗa tana dariya. Da ƙyar Malama ta samu fili ta ce kurciyar ta ƙyanƙyashe.

"Da gaske? Kai! Ranar Asabar mu je." Sai ta ci gaba da labarin magogi.

Asabar ta zo, ƙawar tata ta benci ta gayyace ta gidansu. Ta gaba kuma akwai aikin gida da yawa. Malama ce kaɗai ta ga 'yan kurciyar sun yi gashi, ita kaɗai ta ga ranar da suka fara zama a bakin sheƙa. Lokacin da Tsigi ta samu zuwa, sun riga sun tashi. Ta ɗan ɓata fuska, ta ce ba komai, wasu za su zo, ta roƙi uwar ta gina mata jirgin ruwa biyu, ɗaya nata ɗaya na ƙawarta.

Da wata ya cika, Malama ta shirya ta je tsohuwar makarantarta neman a mayar da ita. Ta tarar an ɗauki wani saurayi a gurbinta, a ɗakin malamai kuma mutum biyu kawai ta sani. Aka karɓe ta da fara'a, aka ce ta bar lambarta, in an shiga sabuwar shekara za a duba.

Da za ta dawo sai ta zaga ta bayan kasuwa. Lokacin hutu ne, filin makarantar ya cika da ihu. Ta tsaya a jikin shingen waya, ta daɗe tana nema kafin ta hango Tsigi. Tana cikin wasu 'yan mata ana guje-guje, ɗankwalinta ya zame, tana ɗan ɗingisawa amma ba ta yarda an bar ta a baya ba. Sau biyu ta wuce dab da shingen. Malama ta ɗaga hannu za ta kira, sai ta fasa. Tana nan tsaye har aka kaɗa ƙararrawa, yaran suka shige, mai gadi ya fara tsince takardun da suka zubar.

Ta biya shago ta sayi sabulu. Mai shagon ya ce kwana biyu bai ga 'yar ɗalibarta ba, ta ce ai an yi mata ƙarin girma. Sannan ta hau sama ta ɗora tukunya, don saura awa uku a tashi.